Yadda Ake Raba Lokacin Iska Tsakanin Na'urorin Wi-Fi Masu Maƙwabtaka

Tambayar da masu karatu suka fi turo mini a kan Wi-Fi kusan iri ɗaya ce: alamar sigina a cike take a waya, kuɗin intanet an biya, amma shafi ba ya buɗewa da wuri, kiran bidiyo yana yankewa, abin kuma ya fi muni da yamma lokacin da kowa yake gida ko da hantsi lokacin da ofisoshi suka cika. Da yawa daga cikinsu sun riga sun sayi ƙarin na'ura ko sun ƙure ƙarfin wadda suke da ita, sai lamarin ya ƙara dagulewa, kuma hakan yana ba ni takaici domin kuɗi ne aka kashe a kan abin da gyaransa bai fi aikin yini ɗaya ba.

Na'urorin Wi-Fi da ke kan tasha ɗaya, wato mitar rediyo ɗaya, muddin suna jin junansu, ba sa magana a lokaci guda. Kowace tana saurarawa kafin ta aika, idan ta ji wata tana magana sai ta dakata. Saboda haka abin da ku da maƙwabtanku kuke rabawa shi ne lokacin magana a iska, kuma daƙiƙa ɗaya ce tak a cikin kowace daƙiƙa ga duk wanda ke kan wannan tashar, ko na'ura biyu ce ko ashirin. Dukkan matakan da ke ƙasa manufarsu ɗaya ce, wato rage yawan masu jiran layi ɗaya da kuma taƙaita tsawon maganar kowa.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar kalmar sirrin shiga shafin saiti na kowace na'ura, da takarda da alƙalami, da kuma manhajar duba iska. A wayar Android akwai WiFiman da WiFi Analyzer. A iPhone ana amfani da AirPort Utility bayan an kunna mata zaɓin bincike a cikin saitin wayar. A kwamfutar Windows umarnin `netsh wlan show networks mode=bssid` yana jero na'urorin da ke kusa da tasharsu da ƙarfinsu, a Mac kuma akwai Wireless Diagnostics a cikin kwamfutar tun daga kamfani. Don gwajin gudu a cikin gida ana amfani da iperf3. Duk waɗannan kyauta ne. Inda kuɗi yake shiga shi ne kebul na Cat5e ko Cat6 da ladan mai jawo shi, kuma ko shi sai a mataki na shida, idan buƙatarsa ta taso.

Mataki na 1: Rubuta abin da kake da shi

Zana ginin a takarda, ka sa alama a inda kowace na'urar Wi-Fi take, ka rubuta tasharta, faɗin tashar, ƙarfin da take fitarwa, da yawan sunayen Wi-Fi da take watsawa. Ka haɗa da na'urorin da ake mantawa da su, kamar rautar (akwatin rarraba intanet) da kamfanin intanet ya kawo wadda Wi-Fi ɗinta yake kunne ba mai amfani da shi, da firinta mai watsa nata sunan.

*Gargaɗi:* Kafin ka taɓa komai, ka adana kwafin saitin kowace na'ura a kwamfuta. Ka kuma tabbatar an zaɓi ƙasar da kake ciki a shafin saiti, domin tashoshin da aka halatta da iyakar ƙarfi sun bambanta: a Amurka tashoshi 1 zuwa 11 ake amfani da su a zangon 2.4 GHz, ɗaya daga manyan rukunonin mitar Wi-Fi, a Turai 1 zuwa 13, kuma iyakar ƙarfi a Turai a wannan zango miliwat 100 ce. Zaɓar wata ƙasa don samun ƙarin ƙarfi saɓa doka ne, kuma wasu wayoyin ba za su ga tashar ba sam.

Mataki na 2: Auna iska a lokacin cunkoso

Awon da aka yi da asuba ba shi da amfani, sai a lokacin da matsalar take faruwa. Ka tsaya kusa da kowace na'urarka, sannan a wuraren da mutane suke zama da wayoyinsu, ka rubuta kowace na'urar maƙwabta da ka gani da tasharta da ƙarfinta. Ana auna ƙarfin da dBm, lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mafi ƙarfi: -50 ya fi -70 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Lambar da za ka riƙe ita ce -82 dBm. Ƙa'idar 802.11, wadda Wi-Fi yake bi, ta wajabta wa na'ura ta dakata idan ta ji farkon saƙon wata na'urar Wi-Fi a kan tasharta da wannan ƙarfin ko fiye, kuma yawancin na'urori suna ji har ƙasa da haka. Wannan yana nufin maƙwabcin da siginarsa ta yi raunin da ba za ka iya buɗe shafi da ita ba yana iya tsayar da na'urarka. Don haka kada ka ƙirga masu ƙarfi kawai, ka ƙirga duk wanda ya kai wannan lamba.

Yawan sunaye bai nuna yawan cunkoso ba, domin na'ura biyar da ba a amfani da su sun fi sauƙi a kan guda ɗaya da ake sauke manyan fayiloli ta kanta. Idan na'urarka tana da shafin da ke nuna kaso nawa na lokacin tashar yake cike, shi ne awon da ya fi kowane muhimmanci. Mai amfani da Linux ko OpenWrt, manhajar da ake sa wa rauta, zai samu wannan da umarnin `iw dev wlan0 survey dump`, ya raba lokacin da tashar take cike da jimillar lokacin da aka saurara. A ganina, tashar da ta haura kashi 50 cikin 100 a cike na tsawon lokaci ta riga ta fara cutar da kiran murya da na bidiyo.

Kafin ka wuce, ka yi gwajin tushe: daga waya ko kwamfuta ka aika `ping`, ƙananan saƙonnin gwaji masu auna jinkirin amsa, zuwa adireshin rautarka na mintuna biyu, ka rubuta jinkirin da yawan saƙon da ya ɓata. Gwajin gudun intanet na kan yanar gizo ba ya bambance laifin iska da laifin layin kamfani.

Mataki na 3: Rage faɗin tasha

Wannan ya riga rabon tashoshi, domin faɗin ne yake ƙayyade tasha nawa za a samu. A zangon 2.4 GHz ka sa 20 MHz, ba wani zaɓi. Mai sa 40 MHz a nan ya cinye kusan rabin zangon shi kaɗai, ya cuci maƙwabta kuma ya cuci kansa.

A zangon 5 GHz yawancin na'urori suna fitowa da 80 MHz, wanda yake haɗe tashoshi huɗu: 36, 40, 44 da 48 su zama guda. Idan kai da maƙwabcinka kuna kan 80 MHz, kai ka zaɓi 36 shi ya zaɓi 44, kuna ganin kun rabu alhali a fili ɗaya kuke. Inda na'urori suke da yawa ka sa 40 MHz, inda suka yi cunkoso sosai kamar ɗakunan kwanan ɗalibai ko zauren taro ka sa 20 MHz. Lambar gudun da waya take nunawa za ta ragu, kuma wannan ne yake sa mutane su ji tsoro su koma baya, amma ƙaramar tasha da kai kaɗai kake kai ta fi babba da ake jiran layi a kanta. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka ninka faɗi, hayaniyar da na'ura take kwasa tana ƙaruwa da 3 dB, wato nisan da siginar take da amfani yana raguwa.

Mataki na 4: Raba tashoshi

A zangon 2.4 GHz tazarar da ke tsakanin tasha da tasha 5 MHz ce, alhali kowace tana buƙatar 20 MHz, shi ya sa uku ne kawai ba sa shiga cikin juna: 1, 6 da 11, wato 2412, 2437 da 2462 MHz. Ka raba su a taswirarka ta yadda na'urori biyu masu tasha ɗaya za su kasance mafi nisa da juna, kuma ka tuna da sama da ƙasa, domin sigina tana ratsa bene kamar yadda take ratsa bango.

*Gargaɗi:* Kuskuren da na fi gani, kuma na fi son mai karatu ya guje masa, shi ne a ga 1 da 6 sun cika sai a gudu zuwa 3 ko 4 da tunanin babu kowa a can. Na'urori biyu a tasha ɗaya suna fahimtar maganar juna, suna bin layi. Idan tashoshinsu sun shiga juna rabi da rabi, ba sa fahimtar juna, kowace tana jin ɗayar a matsayin hayaniya, kuma ba ta dakatawa saboda hayaniya sai ta kai kusan -62 dBm. Sakamakon shi ne su riƙa magana a kan juna, saƙo ya lalace, a sake aikawa, a ƙara rage gudu, lokacin kowa ya ƙare a maimaici. Wanda ya zauna a tasha 3 yana damun masu 1 da masu 6 gaba ɗaya, su ma suna damunsa. Idan dukkan ukun sun cika, ka zaɓi wadda ba ta cika aiki ba a cikinsu ka zauna.

A zangon 5 GHz fili ya fi yawa. Tashoshi 36 zuwa 48 kowace waya mai 5 GHz tana ganinsu, shi ya sa suka fi cunkoso. Tashoshi 149 zuwa 165 ana amfani da su a ƙasashe da dama, a wasu kuma an taƙaita su. Tsakanin 52 zuwa 64 da 100 zuwa 140 galibi babu cunkoso, amma ana raba su da na'urorin rada, don haka dokar da ake kira DFS tana aiki a kansu.

*Gargaɗi:* Na'urar da ke kan tashar DFS tana yin shiru na daƙiƙa 60 bayan an kunna ta tana sauraron rada, a Turai kuma minti 10 ne a tashoshi 120, 124 da 128 saboda radar yanayi. Kada ka ɗauka ta lalace. Idan ta ji rada sai ta bar tashar, ba za ta koma ba sai bayan minti 30. Mazauna kusa da filin jirgin sama ko tashar jiragen ruwa su gwada na mako guda, su duba tarihin na'urar, kafin su dogara da waɗannan tashoshi. Wasu tsofaffin talabijin da firintoci ma ba sa ganinsu.

Game da zaɓin tasha na kai-tsaye da na'ura take yi da kanta: a ƙananan rautoci yawanci tana zaɓa ne sau ɗaya lokacin kunnawa, ta zauna a nan ko da yanayi ya sauya, wasu kuma suna faɗawa tashoshin tsakiya. Idan na'urorinka duka suna ƙarƙashin manhajar kulawa guda, ana iya barin ta ta tsara su da dare. In ba haka ba, ka sa da hannu.

Mataki na 5: Rage ƙarfi

Mutane sun fi jin nauyin wannan mataki, kuma shi ne ya fi biya. Na'urar da take ƙara murya tana faɗaɗa yankin da take tsayar da wasu, amma ba ta ƙara wa wayar da ke nesa ƙarfin amsawa ba. Wayar za ta ga sigina cike, ta manne wa na'ura mai nisa, tana amsawa da ƙyar da ƙaramin gudu.

Kowane ragin 3 dB rabin ƙarfi ne: 20 dBm miliwat 100 ne, 17 miliwat 50, 14 miliwat 25. Ka rage da 3 dB, ka zagaya da wayarka ka auna, sannan ka sake ragewa. Abin da ake nema shi ne a samu kusan -67 dBm a wurin da ya fi nisa da ake amfani da Wi-Fi, domin wannan ya isa kiran murya. Abin da ya wuce haka zuwa cikin ɗakin maƙwabci ɓarna ne. Ka sa ƙarfin 2.4 GHz ƙasa da na 5 GHz da kamar 6 dB, domin shi ya fi tafiya nesa, kuma wayoyi su fi karkata zuwa 5 GHz.

Na taɓa yin aiki a wani bene mai ofisoshi inda aka jera na'urori huɗu a dogon baranda, dukansu a ƙarshen ƙarfi. Da na tsaya a ƙofar ofishin ƙarshe da waya a hannu, sai na ga huɗun duka suna sama da -65 dBm, biyu kuma a tasha ɗaya. Ban sayi komai ba ranar, sai ragin ƙarfi da kashe zangon 2.4 GHz a guda ɗaya daga ciki, tunda tashoshi uku ba za su ishi na'ura huɗu masu jin juna ba. Kuskuren da na yi shi ne ban duba ɗakin ajiya ba, inda wata tsohuwar firinta ta dogara da zangon da na kashe, sai washegari aka kira ni. Tun daga nan nake tambayar kowace na'ura da ke aiki da 2.4 GHz kaɗai kafin na kashe wani abu.

Wurin da na'ura take ma yana cikin wannan lissafi. A matsar da ita daga bangon da ya raba ku da maƙwabci zuwa tsakiyar wurin da ake amfani da ita, a sama, nesa da ƙarfe da tandun mayikrowef, wanda shi ma a kusan 2.45 GHz yake aiki.

Mataki na 6: Taƙaita maganar da ba ta da amfani

Kowane sunan Wi-Fi yana aika sanarwar kasancewarsa duk bayan milisakan 102.4, wato kusan sau goma a daƙiƙa, ko da babu wanda ya haɗu da shi, kuma yana aikawa da mafi ƙarancin gudun da aka bari. A 2.4 GHz wannan gudun yawanci megabit 1 ne, gadon tsohon tsarin Wi-Fi na 802.11b. Mu ɗauka sanarwar bayit 300 ce, wato bit 2,400. A megabit 1 za ta ɗauki milisakan 2.4, sau goma ya zama milisakan 24, wato kashi 2.4 cikin 100 na lokacin tashar. Idan na'ura uku suna tasha ɗaya kowace da sunaye huɗu, sanarwa 12 ke nan, kusan kashi 29 cikin 100 na lokaci ya tafi kafin kowa ya buɗe shafi ɗaya. Idan aka ɗaga mafi ƙarancin gudu zuwa megabit 12, wannan lissafin ya sauko kusan kashi 2.4.

Don haka ka kashe gudu 1, 2, 5.5 da 11, ka sa mafi ƙaranci ya zama 12, kuma ka rage sunaye zuwa biyu ko uku. Ɓoye suna ba ya hana sanarwar fita, saboda haka ba ya rage komai.

*Gargaɗi:* Wasu ƙananan na'urori kamar kwan lantarki mai Wi-Fi da tsofaffin kyamarori suna ƙin haɗuwa idan an kashe ƙananan gudu. Ka gwada kowace bayan canjin. Idan wata ta ƙi, ka sauko zuwa megabit 6, wanda har yanzu ya ninka 1 sau shida.

Daga nan sai a cire duk abin da ba ya motsi daga iska. Talabijin, kwamfutar tebur da na'urar ajiyar bidiyon kyamarori a haɗa su da kebul. Mafi muhimmanci su ne na'urorin ƙara nisa masu rediyo ɗaya, domin kowane saƙo sai sun karɓa sun sake aikawa a tasha ɗaya, wato yana cin lokaci sau biyu. A jawo musu kebul su zama cikakkun na'urorin rarrabawa masu tasharsu daban. Kebul ɗaya yana kai mita 100, kuma idan na'urar tana karɓar wuta ta cikin kebul ɗin, wato PoE, ba a buƙatar soket a wurin.

Mataki na 7: Kunna abubuwan daidaita rabo

Idan na'urarka tana da zaɓin adalcin rabon lokaci, wanda ake rubutawa Airtime Fairness, ka kunna. Saƙo mai bayit 1,500 yana ɗaukar milisakan 2 a megabit 6, a megabit 300 kuma milisakan 0.04, ban da ƙarin jira da amsa. Idan ana raba damar aikawa daidai wa daida, wayar da ke can nesa tana cin lokaci ninkin-ba-ninkin na wadda ke kusa. Wannan zaɓi yana raba lokacin ne maimakon yawan saƙo. Iyakarsa shi ne a cikin na'ura ɗaya yake aiki, ba shi da iko a kan ta maƙwabci.

Na'urorin Wi-Fi 6 suna da alamar da ake kira launin BSS, lamba ce daga 1 zuwa 63 da ake sawa a farkon saƙo don a gane na gida da na waje. Ka tabbatar na'urori biyu masu tasha ɗaya ba su da lamba ɗaya. Da wannan alamar na'ura tana iya ɗaga iyakar dakatawarta daga -82 zuwa sama, har -62 dBm, ga saƙon waje, bisa sharaɗin ta rage ƙarfin aikawarta. Shawarata ita ce a bar wannan iyaka yadda kamfani ya sa, sai wanda zai iya auna yawan maimaicin saƙo kafin da bayan canji.

Akwai kuma yanayin da wayoyi biyu suke jin na'ura ɗaya amma ba sa jin juna saboda bango, sai su riƙa aikawa tare. Alamarsa sigina mai kyau tare da maimaici mai yawa. Kunna RTS/CTS, wato neman izini kafin aikawa, yana taimakawa a nan, amma yana da nasa cin lokacin, don haka kada a kunna shi ba tare da wannan alama ba. Mai na'urori masu zangon 6 GHz kuwa ya mayar da sababbin wayoyinsa can idan ƙasarsa ta halatta, domin kowace wayar da ta koma ta bar wa saura fili.

Mataki na 8: Zauna da maƙwabci

Na jinkirta wannan da gangan, domin wanda ya gyara nasa ya fi samun kunnen sauraro. Na'urorin mutane daban ba su da hanyar tsara lokaci a tsakaninsu sai saurare da jira. Ana aikin ƙa'idar 802.11bn, wato Wi-Fi 8, wadda za ta bai wa na'urori damar haɗa kai wajen rabon, amma a yanzu yarjejeniyar baki ita ce take aiki.

Ka je da hoton awonka, ka fara da abin da ka yi: “Malam, na rage ƙarfin tawa na koma tasha 1, na ga taka tana kan 3, da za ka matsa zuwa 6 ko 11 da mu duka mun samu sauƙi.” Abu uku kawai za a nema: tashoshi 1, 6 da 11, faɗin 20 MHz a 2.4 GHz, da rage ƙarfi. A 5 GHz ku raba gida-gida, wani ya ɗauki 36 da 40, wani 44 da 48, wani 149 da 153. A rubuta rabon, a bai wa mai kula da ginin kwafi saboda sabon mai haya.

*Gargaɗi:* Kada ka shiga saitin na'urar wani ba da izininsa ba ko da kalmar sirrinta ta kamfani ce, kuma kada ka kunna zaɓin da ke cire wayoyi daga Wi-Fi ɗin maƙwabta da sunan tsaro. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ta ci tarar kamfanoni a kan wannan, kuma ko ina ne cutarwa ce.

Mataki na 9: Sake awo

Ka maimaita gwajin mataki na biyu a wurare ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, da waya ɗaya. Ka kwatanta kason cikar tasha, jinkirin `ping` da ɓatan saƙo, sannan ka gwada iperf3 tsakanin waya da kwamfutar da ke kan kebul. Ka zagaya ginin kana cikin kira don ka gano ko ragin ƙarfi ya bar wani lungu babu sigina, in ka samu sai ka ƙara 3 dB a na'urar da ta fi kusa da shi kaɗai.

Idan wani abu ya lalace kuma ba ka san dalili ba, ka koma kwafin da ka adana, ka riƙa yin canji ɗaya-ɗaya kana awo a tsakani. Idan kuwa `ping` zuwa rauta ya yi kyau amma kira yana yankewa duk lokacin da wani yake ɗora babban fayil, to iska ta gyaru, cunkoson ya koma layin intanet ɗin, kuma maganinsa kunna SQM a rauta, wato tsarin daidaita jerin saƙonnin da ke jiran layin, da zaɓin CAKE ko fq_codel, a sa iyakarsa ƙasa kaɗan da ainihin gudun layin. Ka sake duba iska duk bayan wata uku, ko duk lokacin da ka ga sabon suna mai ƙarfi ya bayyana a jerin.